Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Ɗalibanmu Na Jami'a Da Ƙarshen Shekarar Karatu

Duk wanda gidansa yake kusa da tashar mota ba sai an gaya masa jami'a ta rufe ba. Zai ga samari da 'yan mata suna saukowa da katifa a naɗe, da bokiti, da risho, da jakar bakko cike da takardu. In ya duba da kyau zai ga sun rame, ido ya faɗa, wuya ya yi tsawo. Uwa ta tarye ɗanta ta ce, "Kai, haka karatun nan ya mai da kai?" Sai a yi dariya, a ɗora tukunya. Mu ma mukan yi dariyar tare da su. Amma a cikin yawon da muke yi ƙauye ƙauye mun ji abin da ya isa ya nuna mana cewa ramar nan ba abin dariya ba ce. Domin wannan muke so mu yi magana da iyaye da ɗalibai gaba ɗaya.

Maganarmu ɗaya ce. Makonni shida na ƙarshen shekarar karatu su ne kakar ɗalibi, gama a cikinsu yake girbin wahalar shekara duka. A cikinsu kuma abincinsa da kuɗinsa suke ƙarewa. Maganin wannan ba ya farawa ranar da yaro ya bugo waya yana kuka. Yana farawa tun a masussuka.

Abin da ke faruwa a makonnin ƙarshe

Da yawa cikin iyayenmu ba su taɓa shiga jami'a ba, saboda haka bari mu bayyana yadda abin yake. An raba shekarar karatu zango biyu. A kowane zango akan yi kamar mako 15 ana koyarwa, sa'an nan mako biyu ko uku na jarrabawa. Gwaje-gwajen da ake yi cikin zango suna ɗaukar maki 30 ko 40 bisa ɗari, sauran 60 ko 70 kuwa suna rataye a kan jarrabawar ƙarshe. Watau aikin wata huɗu ana auna yawancinsa cikin awa biyu ko uku. Ɗalibi mai darasi tara ko goma zai shiga wannan awo sau tara ko goma cikin 'yan kwanaki.

A wannan lokaci jami'a ba ta barci. Ɗakin karatu yakan cika tun da asuba. Waɗanda ba su sami wuri ba sai su nufi azuzuwa da dare, da tocila ko hasken waya, su kwana a kan benci suna fama da sauro. Wani yana cin goro, wani yana shan kofi, wani ya tsoma ƙafa cikin ruwan sanyi don kada barci ya ɗauke shi. Waɗansu har sukan kai ga ƙwayoyi, su ɗauko wa kansu ciwon da ya fi faɗuwa jarrabawa muni.

To, ina abinci? Garin da aka zo da shi daga gida ya ƙare tun tsakiyar zango. Kuɗin da aka bayar ya tafi wajen rajista, da hayar ɗaki, da hoton takardu, da datar waya. Ɗalibai suna da wani lissafi na raha a tsakaninsu. In mutum ya ce yau yana kan "sifili, ɗaya, sifili", nufinsa ba karin kumallo, ba abincin dare, sai na rana kaɗai. Wannan ɗayan ma sau da yawa garin kwaki ne da ruwa, in an yi sa'a da ɗan ƙuli-ƙuli. Manomi ya sani ba a ɗaura wa sa garma da yunwa. Amma mukan sa ran yaro ya zauna awa uku yana lissafi da cikin da bai ga tuwo ba kwana biyu.

Na ajin ƙarshe kuwa nasu ya ninka. Akwai kundin bincike da za a buga a ɗinke kofi uku ko huɗu. Akwai yawon sa hannu ofis ofis kafin a sallame su. Ga kuma bukukuwan da suka zama yayi, da farar riga da abokai suke rubutu a kanta ranar takarda ta ƙarshe, da liyafar dare, da ɗinkin anko, da hotuna. Ba mu ce kada yaro ya yi murna ba, gama ya sha wuya. Amma mun ga wanda ya ci bashin kuɗin liyafa alhali kundinsa yana kwance a shagon mai bugawa ba a biya ba.

Wajen 'ya'yanmu mata dole mu faɗi gaskiya ko da ɗaci. Yarinyar da ba ta da ko kwabo a makon jarrabawa, ba ta rasa mai cewa zai taimake ta. Ba duk mai taimako ne yake yi saboda Allah ba. Uban da yake tsoron abin kunya, bari ya fara tsoron yunwar 'yarsa.

Da da yanzu

Wani zai ce, "Ai a zamaninmu ba haka ba ne." Gaskiya ne, zamani ya sake. Sa'ad da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, da waɗanda suka biyo baya a Jos, da Maiduguri, da Sakkwato, da Kano cikin shekarun 1970, ɗalibai kaɗan ne, akwai kuma ɗakin cin abinci inda gwamnati take ɗauke da yawancin nauyin. Manyanmu sun ba mu labarin watan Afrilu na 1978, lokacin da aka ƙara kobo 50 a kan kuɗin abincin ɗalibi na yini. Tarzoma ta tashi, har aka rasa rayuka a Legas da Zariya. Tun a lokacin ke nan maganar cikin ɗalibi ba ƙaramar magana ba ce. Cikin shekarun 1980 aka daina ciyarwar nan, tukunyar ɗalibi ta koma wuyan iyayensa.

Lokacin hutu ma ya sake. A da akan shiga a watan Oktoba a fito a watan Yuni, dogon hutu ya faɗo daidai da damina. Yanzu kowace jami'a da nata lissafi. Yajin aikin malamai na 2020, wanda ya haɗu da annobar korona, ya ci wata tara. Na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Waɗannan sun birkita kalanda, har ya zama wata jami'a tana jarrabawa da rani, wata da bazara, wata a tsakiyar Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. In yunwar ɗalibi ta gamu da yunwar gida, wa zai ceci wani?

Ga kuma tsadar hanya. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya yi tsalle. Akwai ɗaliban da sukan gama jarrabawa su yi kwanaki a makaranta, ba don suna so ba, sai don babu na mota.

Ranar wanka

Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma a maganar sakamako ana ɓoyewa ƙwarai, domin iyaye ba su san abin da za su tambaya ba. Uba ya ce, "Yaya karatu?" Yaro ya ce, "Lafiya lau, Baba." Magana ta ƙare.

Ga yadda awon yake a yawancin jami'o'inmu. Wanda ya ci maki 70 zuwa sama ya sami A, darajarta 5. B tana da 4, C tana da 3, haka har zuwa F, wadda ba ta da kome. Akan haɗa na dukan darussa a fitar da matsakaici. Daga 4.50 zuwa 5.00 shi ne daraja ta ɗaya. Daga 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu ta sama. Darasin da aka faɗi, tilas a sake shi baɗi, shi ne ɗalibai suke kira kariyoba. In irinsu suka taru, sai a ƙara wa mutum shekara, watau sabon kuɗin rajista, sabuwar haya, sabon abinci. In matsakaicin ya faɗi ƙasa da 1.00, a waɗansu wurare ma 1.50, akan ja wa ɗalibi kunne, in bai gyara ba a sallame shi. Wanda aka kama da satar amsa kuwa, sau da yawa korarsa ake yi.

A wani ƙauye da muke zuwa aiki, akwai dattijon da ya sayar da awaki har da ɗan maraƙi yana aika wa ɗansa kuɗi shekara guda cur. Ashe an sallami yaron tun bara. Yana zaune a ɗakin aboki a birni, yana dawowa hutu tare da sauran ɗalibai da jakarsa a kafaɗa. Da abin ya tonu muka zauna da shi. Ba mugun yaro ba ne. Zazzaɓi ya kama shi a makon jarrabawa, ba kuɗin magani, ba abinci, ya faɗi darussa huɗu. Ya ce da mu, "Malam, duk garin nan ana kirana injiniya. Da wane baki zan gaya wa Baba?" Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Amma mu ma da muka ɗora masa rawanin da bai kai ba, muna da namu laifi. Da ya san zai iya faɗin gaskiya a gida ba tare da an tsine masa ba, da an ceci maraƙin, wataƙila har da karatun. Akwai ma waɗanda kunyar faɗuwa ta kai su ga halaka kansu. Babu digirin da ya kai ran ɗa.

Saboda haka muna roƙon iyaye, in yaro ya dawo, a bar shi ya ci ya yi barci kwana biyu. Sa'an nan a zauna da shi a keɓe, ba a gaban baƙi ba, a ce ya nuna takardar sakamako. Yawancin jami'o'i yanzu suna sa ta a intanet, yana iya buɗewa a waya. In uba bai iya karantawa ba, a kira malamin makaranta mai riƙon asiri. In sakamakon ya yi kyau a yi godiya. In ya yi muni, a fara tambayar dalili kafin a yi faɗa. Manomin da gonarsa ta ƙi ba ya ƙone ta. Yakan duba ko iri ne, ko taki, ko wuta-wuta.

Rumbun ɗalibi

Yanzu ga shawarar da muka kawo. Kowane gida mai ɗa ko 'ya a jami'a ya ware abincin makonnin ƙarshe tun da kaka, kamar yadda ake ware iri. Ba wanda yake tuƙa tuwo da irin shuka, kome yunwa. Haka wannan ma ya zama.

Bari mu yi lissafi. Babban mutum yakan ci kamar rabin kilo na hatsi a yini. Mako shida kwana 42 ne, watau kilo 21. Wannan kamar kashi ɗaya ne cikin biyar na buhu mai kilo 100. A ƙara 'yan mudu na wake, da gyaɗa, da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da daddawa, da yaji, da kwalbar mai. Duk waɗannan daga gonarmu da hannun matanmu suke fitowa. Ɗalibin da ya saye su a bakin ƙofar jami'a zai biya ninki.

A yawancin shekaru hatsi yakan yi arha daga Oktoba zuwa Disamba, ya yi tsada daga Yuni zuwa Agusta. Abin da muka saba shi ne mu kwashe shi kasuwa da arha saboda biki da sabon ɗinki, sa'an nan in yaro ya bugo waya mu ci bashi da ruwa, ko mu sayar da akuya a wulaƙance, gama mai saye ya ga idonmu. Wanda ya ajiye buhu ɗaya domin ya sayar da shi daf da jarrabawa ya sami kuɗin kundi da na mota ba tare da ya durƙusa wa kowa ba.

Wani zai ce ƙwari za su cinye waken kafin lokacin. Akwai buhun PICS mai hawa uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda aka fara yaɗawa a ƙasashenmu tun wajen 2007. In hatsin ya bushe sarai, aka matse iskar, aka ɗaure kowane hawa dabam, ƙwaron da ke ciki yakan mutu don rashin iska. Ba a bukatar zuba magani, balle a aika wa yaro da waken da zai sa shi ciwon ciki. Jarka mai murfi da ba ta yoyo ma tana yin wannan aiki, in an cika ta har baki.

Ɗalibi kuma yana da nasa aikin. Tun farkon shekara ya kawo wa iyayensa kalandar makaranta, a rubuta ranar fara jarrabawa a bangon ɗaki. Ya raba abin da aka ba shi kashi-kashi, ya ware kuɗin motar komowa ya manta da shi. Ya fara bita tun mako na uku, gama karatun kwana ɗaya kamar ruwan sama ne a kan fako, gudu yake yi ba ya shiga ƙasa. Ya sani kuma barci ba ɓata lokaci ba ne, cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka karanta. Ranar tafiya gida ya shiga mota a tasha da sassafe tare da 'yan'uwansa, kada ya tare ta a bakin hanya, kada kuma ya yi tafiyar dare saboda rangwame.

Masu cewa ba mu da shi

Mun san akwai gidajen da abin da suka girbe ba ya kai su watan Maris. Akwai gwauraye, akwai waɗanda rashin tsaro ya raba su da gonakinsu. Ba za mu yi musu wa'azin ajiya ba. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙauyen da yake da ɗalibai biyar a jami'a, in gidaje 50 suka ba da mudu bibbiyu da kaka, an sami mudu 100. Matanmu sun iya adashi, samarinmu sun iya gayya. Me zai hana a yi gonar gayya ɗaya domin 'yan makaranta, a sa mutum uku amintattu su riƙe lissafi, a karanta shi a gaban jama'a? In yaran nan suka zama likita da malami, ba gidan ubansu kaɗai za su amfana ba.

Waɗansu kuma suna cewa ai gwamnati tana ba da rance yanzu. Haka ne, a 2024 aka buɗe asusun NELFUND domin ɗaliban makarantun gwamnati. Yana biyan kuɗin makaranta, an kuma fara shi da ba da naira 20,000 a wata na kashewa. Babu ruwa a kansa, biya kuma yana farawa shekara biyu bayan bautar ƙasa. Wanda yake bukata ya nema, ba abin kunya ba ne. Sai dai a tuna sunansa bashi. Kada uba ya ji labarinsa ya naɗe hannu.

Hutu ba zaman inuwa ba ne

Abu na ƙarshe, ga ku ɗalibai. Waɗansunku hutu zai same ku a wurin koyon aiki na SIWES, wannan ma karatu ne, ku riƙe shi da kyau. Amma wanda ya dawo gida, kada ya zama baƙo a gidan ubansa, yana kwance yana latsa waya, ƙannensa suna gona. Fartanya ba ta rage maki.

A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta tura ɗaliban manyan makarantu ƙauyuka cikin dogon hutu a ƙarƙashin shirin noma na OFN. Abin da aka yi ta faɗa daga baya shi ne, da yawansu sun je koya wa manomi abin da ya fi su sani. Kada ku maimaita wannan. Babanku ya fi ku sanin ƙasarsa. Ku kawo abin da kuke da shi, watau karatu da lissafi. Ku karanta masa rubutun da ke jikin kwalbar feshi, domin ya san awon da kuma kwanakin da za a jira kafin girbi. Ku bayyana masa cewa kamfa mai lamba 15-15-15 da yuriya ba aikinsu ɗaya ba. Ku auna gonar, gama hekta ɗaya mita 100 ce tsawo da mita 100 faɗi, mutane da yawa kuwa suna zuba taki da ka. Ku ƙirga ƙwayar iri 100 ku sa a jiƙaƙƙen tsumma, bayan mako guda ku ga nawa suka tsiro, kafin a ɓata gona da mataccen iri. Ku buɗe masa littafin shiga da fita. Da yamma ku tara yaran da za su rubuta jarrabawar JAMB ku koya musu. Waɗanda suka gama suna jiran kiran bautar ƙasa, wadda aka kafa tun 1973, jiran yakan kai watanni. Wake da gyaɗa ba sa bukatar fiye da haka kafin su nuna.

Mu da muka fito daga kolejin horon malamai mun ɗanɗana kaɗan daga cikin yunwar ƙarshen zango, mun kuma san ƙullin garin da uwa ta aiko da shi ta hannun direba yakan fi wasiƙa daɗi. Kaka tana zuwa. Sa'ad da kuke auna na iri da na biki, ku auna na wanda yake can yana karatu, ku ɗaure bakin buhun, ku rubuta sunansa a kai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya ba 'ya'yanmu nasara, ya dawo mana da su lafiya.